Ƙeyar ɗana ta shafe gefe guda, an ce in kai shi wurin mai ostiyofati. Wa ya taɓa gwadawa?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, ko ma'aikatan lafiya in akwai su a cikinmu.

Ɗana na fari ne, ya kusa cika wata 4. Alhamdulillahi lafiyarsa ƙalau, yana shan nono sosai, yana dariya, nauyinsa na ƙaruwa yadda ake so. Kansa ne ya hana ni sakat. Ƙeyarsa ta ɓangaren dama ta shafe, har gashin wurin ya zube ya bar ɗan fili. In ta gaba aka kalle shi ba mai lura, amma da na yi masa wanka gashin ya kwanta, sai abin ya fito ƙarara. Tun yana ɗan ƙarami kuma dama kawai yake juya fuskarsa. In na kwantar da shi na juya masa kan hagu, kafin in miƙe ya mayar da abinsa. Ko wajen shayarwa, nonon hagu yana kama shi ba wahala, na dama kuwa sai mun yi ta fama, ya kama ya saki yana ƙunƙuni.

Wata abokiyar aikina ta ce in kai shi wurin mai ostiyofati, irin masu gyaran jiki da hannun nan. Ta ce akwai waɗanda jarirai kawai suke gani, suna tattaɓa kan a hankali har ƙasusuwan su koma mazauninsu, kuma wai in hanzarta tun kan bai yi ƙwari ba. Maigidana kuma ya ce in ƙyale yaro, kai da kansa yake daidaituwa, shi bai yarda wani ya taɓa masa kan ɗa ba alhali maɗigarsa ko rufewa ba ta yi ba. Ni ga ni nan a tsakiya. Tsoro nake in zauna jira lokaci ya ƙure, ya girma da karkataccen kai, tsoro kuma nake in kai shi a ji masa ciwo.

Me suke yi wa yaron takamaimai in an je? Yana aiki kuwa, ko kan ne dama zai gyaru ko an je ko ba a je ba? Kuma wannan shafewar tana taɓa ƙwaƙwalwa? Wannan ta ƙarshen ita ce ke tashina cikin dare.

Ummu Hanan:

Wa alaikumus salam Maman Sadik, Allah ya raya mana Sadik. Ni na kai 'yata, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ita tata ƙeyar ta hagu ce, lokacin tana wata 3. Matar da muka je wurinta da tambayoyi ta fara: yadda naƙuda ta kasance, ko ta daɗe, ko da na'ura aka jawo yarinyar, yadda take kwanciya, yadda take shan nono. Sannan ta shimfiɗe ta rigingine, ta zauna ta wajen kanta, ta tallafi ƙeyar da tafukan hannunta biyu, ta yi shiru. Wallahi in kina kallo sai ki rantse ba abin da take yi. Ba murɗawa, ba dannawa, ba ƙarar ƙashi. Can sai ta zura yatsu a gindin wuya, ta gangaro kafaɗu, ta riƙe ƙugun na ɗan lokaci. Hanan ta yi ɗan kuka da farko, daga baya barci ya kwashe ta a hannun matar. Gaba ɗaya bai kai awa guda ba.

Da za mu tafi ta ba ni aikin gida. Ta ce in riƙa kifa ta rub da ciki in tana farke ina kusa, in sauya inda kanta yake fuskanta a gado, in riƙa zuwa mata ta gefen da ba ta son juyawa. Na riƙe wannan sosai, mun kuma koma wurin matar wasu lokutan. Cikin 'yan makonni wuyan ya saki, ta fara bin ni da ido ta kowane gefe. Yanzu ta haura shekara 2, sai na ɗaga gashin na nuna wa mutum kafin ya gane akwai abin da ya taɓa faruwa.

Ni dai a zuciyata hannun matar nan ya taimaka, kuma na samu kwanciyar hankali a wurinta, domin ta zauna ta saurare ni ba ta yi min gaggawa ba. Amma ki tabbatar wadda za ki je wurinta ta saba da jarirai.

Anti Fisiyo:

Maman Sadik ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni aikin gashin ƙashi nake yi, kuma yawancin waɗanda nake gani ƙananan yara ne. Zan fara da abin da ke tashinki cikin dare: shafewar da kwanciya ta jawo ba ta matse ƙwaƙwalwa. Girman kan yana nan yadda ya kamata, siffarsa ce ta karkace. Ki yi barcinki.

A bayaninki wuyan ne ya fi ɗaukar hankalina. Akwai wata doguwar tsoka da ta taso daga bayan kunne ta gangaro zuwa saman ƙirji, kowane gefe da tasa. In ta hagu ta ɗaure, yaro zai riƙa karkatar da kansa wajen kafaɗar hagu, fuskarsa kuma ta juya dama. Likitoci suna kiran wannan tortikolis. Wani lokaci har akan ji ɗan ƙululu a cikin tsokar, wanda yake bajewa da kansa daga baya. Yaron da ke mayar da kai dama da zarar an juya shi, kuma yake ƙin nono guda, dole a duba masa wannan tsokar. Muddin wuyan bai saki ba, duk abin da aka yi wa ƙeyar zai koma ya kwanta a kanta.

Ga yadda shafewar ke samuwa. Ƙoƙon kan jariri ƙasusuwa ne daban-daban da ba su gama haɗewa ba, akwai layuka masu laushi a tsakaninsu, ga kuma maɗiga. Ƙwaƙwalwa ce ke turo su daga ciki tana girma. A wata 3 na farko kewayen kai yana ƙaruwa da kusan santimita 2 duk wata, daga nan ya koma kusan 1, bayan wata 6 ya dawo kusan rabi. In gefe guda ne kullum a manne da katifa, nan ba ya samun sararin girma, sai girman ya tafi inda ba abin da ya tare shi, kamar duman da ya girma yana kwance a ƙasa. Saboda haka gyaran ma daga ciki yake zuwa: a ɗaga gefen da ya shafe daga katifa tun kan yana cikin saurin girmansa, ƙwaƙwalwa ta ciko wurin. Abokiyar aikinki ta yi gaskiya da ta ce ki hanzarta, sai dai wurin likitan yara za ki fara hanzartawa.

Dalilina shi ne akwai wata matsala daban mai kama da wannan, inda ɗaya daga cikin layukan nan ke haɗewa tun lokacinsa bai yi ba. Tana samun kusan jariri 1 cikin 2,000 zuwa 2,500, kuma sau da yawa tiyata take buƙata. Ba tausa, ba sauya kwanciya, ba hannun kowa da zai buɗe layin da ya riga ya haɗe. Yawanci likitan yara da ido da hannu yake bambance su, ba sai an ɗauki hoton ƙashi ba. Ke ma kina iya dubawa kafin ki je. Ki jiƙa masa gashi, wani ya riƙe shi a zaune, ki tsaya ta bayansa ki leƙo kan daga sama. In kwanciya ce ta jawo, za ki ga kunnen gefen da ya shafe ya ɗan matsa gaba, goshin wannan gefen ma ya ɗan turo. Sannan ki bi kan da yatsa, ki ji ko akwai wani tudu mai tauri da ya miƙe kamar layi. In akwai, ko kuma tun ranar haihuwa kan yake da wata siffa ta daban da ke ƙara fitowa, ki gaya wa likita da bakinki.

Maigidanki ma yana da tasa gaskiyar. A Niyu Zilan an bi jarirai 200 tun daga haihuwa, aka wallafa sakamakon a 2004. A wata 4 kusan kashi 20 cikin 100 suna da shafewar kai, amma da suka kai shekara 2 saura kusan kashi 3. Wato Sadik yana daidai watannin da abin ya fi muni, kuma da ya fara zama da rarrafe nauyi zai sauka daga ƙeyar. Inda zan saɓa wa maigida shi ne batun zama a jira alhali wuya na ɗaure. A Holan an yi gwaji a 2008 a kan jariran da ke son juya kai gefe guda, waɗanda aka haɗa da masu gashin ƙashi sun fi tsira daga shafewa mai tsanani a kan waɗanda aka bari da shawarar da aka saba bayarwa kawai.

Kafin ki samu ganin likita, ki fara da kifa shi rub da ciki yana farke kina kallonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce aƙalla minti 30 a yini ga jaririn da bai fara rarrafe ba, a rarraba shi kaɗan-kaɗan. In yana kuka a ƙasa, ki jingina da baya ki kifa shi a ƙirjinki, zai ɗago kai don ya ga fuskarki. Ki juya kwanciyarsa a gado yadda ƙofa da haske da ke kanki za ku kasance ta hagunsa. Ki rage barinsa a kujerar mota ko kujerar lilo in ba tafiya ake ba. Miƙar da wuya kuwa ba zan koya miki a rubuce ba, sai an kama hannunki an nuna miki a jikinsa.

Maman Sadik:

Anti Allah ya saka da alheri, wallahi kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Ummu Hanan ke ma na gode, yanzu na san abin da ake yi a can. Na duba yadda Anti ta ce, babansa ya riƙe shi. Kunnen dama ya ɗan shige gaba kam, goshin ma haka, ban kuma ji wani tudu ba. Da muka lura sosai, in an zaunar da shi kan yana ɗan langaɓewa wajen kafaɗar hagu. Za mu kai shi wurin likita cikin makon nan in sha Allahu.

Sauran tambayoyi biyu. Ina ganin tallar wani ɗan matashin kai na jarirai a intanet, mai rami a tsakiya, wai yana gyara ƙeya. In saya? Sannan wata babba ta ce in riƙa kwantar da shi rub da ciki ko a gefen hagu in zai yi barci, tunda rigingine ne ya jawo. Ya kuke gani?

Abu Yusra:

Maman Sadik, Allah ya ba yaro lafiya. Tambayoyinki biyu na bar wa Anti, ni a kan ostiyofati zan yi magana, domin lokacin da 'yata Yusra ta samu wannan matsalar na zauna na yi karatu a kai sosai kafin mu yanke shawara.

Wani likita ɗan Amurka mai suna Andrew Taylor Still ne ya fito da ita a 1874, ya buɗe makarantarta ta farko a jihar Misuri a 1892. Reshen da ya shafi kai kuma ɗalibinsa William Garner Sutherland ne ya shimfiɗa shi a shekarun 1930. Da'awarsa ita ce ƙasusuwan kai suna wani motsi na hankali mai zuwa da komawa, wanda ƙwararren hannu zai iya ji ya daidaita. Masu bincike sun gwada wannan. Sun sa masu aikin biyu su ɗora hannu a jikin mutum ɗaya, kowa ya ƙirga motsin da yake ji, lissafinsu ya ƙi zuwa ɗaya. Nan ne ni na tsaya.

Sunan ma ba abu ɗaya yake nufi a ko'ina ba. A Amurka mai digirin ostiyofati cikakken likita ne, yana rubuta magani yana tiyata. A Birtaniya ba likita ba ne, amma tun dokar 1993 aka kafa hukumar da dole ya yi rajista da ita. A ƙasashe da yawa kuwa ba wata doka, kowa na iya kafa allo ya kira kansa haka. Faransa na cikin ƙasashen da aka fi kai jarirai wurinsu, amma dokarsu ta 2007 ta ce ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba irin wannan gyaran a kai ko fuska ko ƙashin baya sai likita ya ba da takardar cewa ba abin da zai hana. A 2020 hukumar ƙoli ta lafiya a ƙasar ta fitar da jagora a kan shafewar kan jarirai, ta ce hujjojin da ke hannu ba su kai a ba da shawarar ostiyofati ba, iyaka dai ana iya haɗa ta da gashin ƙashi a mataki na biyu.

Mu hular gyaran kai muka ƙare da ita, domin Yusra bakwaini ce, ta daɗe kwance a asibiti, tata ta yi tsanani har fuskar ta fara karkacewa. Awa 23 a yini take sanye da ita na tsawon watanni. Kullum sai an cire an wanke cikinta saboda gumi da wari, fatar goshinta ta yi ja, mahaifiyarta ta sha kuka don ba ta iya shafa kan 'yarta in tana shayar da ita. Kan ya gyaru alhamdulillahi. Amma ba na cewa kowa ya bi mu. A 2014 an wallafa wani gwaji daga Holan a kan jarirai 84 'yan wata 5 zuwa 6, rabi aka sa musu hula rabi aka bar su. Da suka kai shekara 2 ba wani bambancin kirki: kashi 26 cikin 100 na masu hula sun warke sarai, na marasa hula kashi 23. Sai dai gwajin bai haɗa da bakwaini ba, ko masu tortikolis, ko waɗanda tasu ta yi muni ƙwarai, shi ya sa likitanmu ya ga tata ta cancanta.

Ummu Hanan:

Abu Yusra, ban musa karatunka ba, amma ni ma ba labari aka ba ni ba. 'Yata ta shiga wurin matar nan da wuya a sanƙare, bayan 'yan makonni ta saki. Kuma kafin nan duk inda na kai kukana cewa ake zai wuce, ba wanda ya ko taɓa wuyan yarinyar. Ita ce ta fara zama ta duba ta tun daga kai har ƙafa. Uwa in ta ga ana sauraronta dole ta koma wurin.

Anti Fisiyo:

Ummu Hanan, maganarki ta ƙarshe gaskiya ce kuma ta shafe mu, mu ma'aikatan lafiya. Uwar da aka sallama da "zai wuce" ba tare da an juya wuyan ɗanta an gani ba, ba a yi mata adalci ba. Amma ki duba aikin gidan da matar ta ba ki: rub da ciki, sauya kwanciya, zuwa ta gefen da ba ta so. Su ne ainihin abubuwan da muke koyarwa, ke kuma kika riƙe su kullum a daidai watannin da kan ke gyara kansa. Ni a wurina yawancin ladan naki ne. Ban kuma rufe ƙofa gaba ɗaya ba. An yi wani gwaji a Italiya da aka wallafa a 2022, a kan jarirai ƙasa da 100, ya nuna ƙarin gyaruwa ga waɗanda aka haɗa wa ostiyofati da sauya kwanciya. Ƙaramin gwaji ne, bai isa a gina shawara a kansa shi kaɗai ba.

Maman Sadik, in bayan likita ya gan shi har yanzu ranki na son gwadawa, ki je a matsayin ƙari, kada ya maye gurbin gashin ƙashi. Ki tambayi inda mutum ya yi karatu da hukumar da ta yi masa rajista. Ki tsaya a kan ɗanki har a gama. Da kin ga za a murɗa wuya, ko a lanƙwasa shi da ƙarfi, ko a danna maɗiga, ki ɗauki abinki ki fita. Taɓawa a hankali irin wadda Ummu Hanan ta kwatanta ba kasafai take cutarwa ba, amma a 2009 likitoci a Holan sun ba da rahoton wata jaririya 'yar wata 3 da ta rasu bayan wani mai irin wannan aikin ya lanƙwashe mata wuya da baya da ƙarfi. Haka nan duk wanda ya ce miki kada ki je wurin likita, ki rabu da shi.

Matashin nan kada ki saya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a Nuwamban 2022, ta ce ba a tabbatar suna gyara kai ba, kuma suna iya toshe wa jariri numfashi. Gadonsa katifa mai tauri da zanin da ya kama ta, shi ke nan.

Barci kuma rigingine, dare da rana, har ya cika shekara. Ki gaya wa babbar nan cikin ladabi cewa ta faɗi gaskiya a kan inda shafewar ta samo asali, domin ta ƙaru ne tun da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta hana kwantar da jarirai rub da ciki a 1992, aka kuma yi gangamin wayar da kai a 1994. Amma a shekarun da suka biyo baya mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, yana iya mirginawa ya kife. Abin da za ki yi shi ne in barci ya yi nauyi ki juya masa fuska hagu a hankali, in ya mayar ki ƙyale shi, kada ki tokare kan da tawul ko wani abu.

Duk wata ki ɗauki hoton kan daga sama, gashi a jiƙe, a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin idon da ke ganinsa kullum ba ya gane canji. In ya kai wata 6 ana ta ƙoƙari ba a ga sauyi ba, lokacin ne za a tattauna batun hula da likita. Ranar da za ku je kuma ki roƙi likitan ya duba masa ƙugu, saboda yara masu ɗaurewar wuya sun fi sauran yara samun gocewar gaɓar ƙugu, kuma ita ma da wuri aka fi son a gano ta.